A Ƙyale Giwan Ruwa Ya Girma a Lagdo

Cikin watan Agusta, lokacin da doka ta ce an rufe kamun kifi a tafkin madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru, na ga wata dattijuwa a kasuwa a nan Garwa tana kasa ɗanyen kifi kashi-kashi a kan faranti. Da fari na ɗauka ƙananan karfasa ne. Da na sunkuya sai na ga dogon baki, da ɗan lotsawar nan ta goshi, da dabbare-dabbaren da ke jikinsu tun suna ƙanana. 'Ya'yan giwan ruwa ne, babu wanda ya wuce tsawon yatsana.

Na ce, "Inna, waɗannan ai ko yaye ba su kai ba." Ta ce, "Ɗana, abin da aka kawo mini ke nan. In na ƙi, ta kusa da ni za ta karɓa."

Gaskiya ta faɗa, kuma ban ga laifinta ba. Amma ran nan na wuni da ɓacin rai. Kifin da in an bar shi zai iya kai tsawon mutum, wanda a da sai ƙarti biyu sun rataya shi a sanda kafin su fito da shi daga jirgi, shi ne ake sayarwa tsibi guda a kuɗin da bai kai na kofin shayi da burodi ba.

Ra'ayina a fili yake. Rufe tafkin da hukumar kiwo da kamun kifi take yi daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba daidai ne, kuma ya kamata a tsaya a kansa da gaske. Ragar gidan sauro da taru mai ƙananan idanu a raba su da ruwanmu kwata-kwata, rani da damina. Amma in za a kama mai laifi, a fara daga mai jari da dillali da kasuwa, kada a ƙare a kan talakan da ke cikin kwale-kwale. Na san abubuwan da ake faɗa a kan wannan magana, domin na sha jin su a majalisa da bakin ruwa.

"Ai giwan ruwa ba zai ƙare a duniya ba"

Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. A tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka, inda aka kai shi a shekarun 1950, yawa ya yi har ya cinye nau'o'in ƙananan kifaye da dama, kuma har yau ana fitar da namansa zuwa Turai. To amma na Uganda da Tanzaniya ba shi ne zai cika tukunyar mutumin Lagdo ko Pitowa ba. Namu ɗan asalin Binuwai ne da Logon da Shari da tafkin Chadi. In ya ƙare a nan, mu dai ya ƙare mana.

Kuma muna da misalin wanda ya riga ya kai bakin rami. Tsofaffin masunta sun san kunaman ruwa, faffaɗan kifin nan mai kama da faifai, mai doguwar wutsiya da ƙaya mai dafi, wanda ke kwanciya cikin yashi a inda ruwa bai da zurfi. A nan Binuwai ta Garwa masana suka fara rubuta bayaninsa a 1962. A da masu tsallake kogi da ƙafa tsoronsa suke yi. Yau yana cikin jerin halittun da ake fargabar ɓacewarsu daga doron ƙasa, kuma samari da yawa da suka tashi a bakin kogin nan ba su taɓa ganinsa ba. Shi ba ya zuba ƙwai dubbai kamar sauran kifaye. Haihuwa yake yi, 'ya'ya kaɗan, shi ya sa da aka matsa masa ya kasa farfaɗowa.

Babu wanda ya yi shelar tafiyarsa. Haka kifi yake ƙarewa. Bana ka kama ƙanana fiye da na bara, baɗi ka ƙara rage idon raga don ka samu abin kai wa gida, shekara ta zagayo ka ƙara ragewa, har ranar da za a tambaye ka wani kifi ka ce ai an daɗe ba a ga irinsa ba. A tambayi duk wanda ya yi kamun kifi a Lagdo a shekarun farko bayan an gama madatsar a 1982, ya faɗi irin yauni da bargi da falia da yake fitarwa a dare ɗaya, sannan a je a duba abin da ɗansa yake fitarwa yau.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa cikin damina

Mutanen gari da yawa suna ɗaukar watannin nan uku a matsayin mugunta irin ta hukuma. Masunci na ainihi ya san ba haka ba ne, domin idonsa ya gani.

Idan ruwa ya fara hawa ya shiga ciyawa, bargi yakan zaɓi wuri marar zurfi ya share ciyawar ya yi sheƙa zagayayya kamar bakin rijiya. A ciki yake zuba ƙwai. In sun ƙyanƙyashe, za ka ga 'ya'yan sun dunƙule baƙi ƙirin suna yawo tare, iyayen na kewaye da su suna gadi. Yauni ma sheƙa yake yi da ciyawa mai yawo a kan ruwa, kuma duk wanda ya kusanci sheƙar ya san cizonsa. Karfasa kuwa, uwar ce take kwashe ƙwanta ta riƙe a baki, ta daina cin abinci har sai 'ya'yan sun iya kansu. Ka kama ta a wannan hali ka buɗe bakinta, ƙwai ne ko 'ya'ya za su zubo maka a tafin hannu.

Yanzu a kawo taru mai tsawon ɗaruruwan mitoci, an ɗinka masa gidan sauro a tsakiya, mutum goma sha suna ja daga bakin gaɓa. Yana sharar ƙasa, yana tumɓuke ciyawa, yana rusa sheƙa. Uwa da 'ya'ya da ƙwai duk a jaka ɗaya. Abin da ya yi ƙanƙanta da yawa a watsar a bakin ruwa ya ruɓe, ko a shanya a sayar wa masu kiwon kaji. Manomin da ya dafa irinsa ya ci a watan shuka, ba ya ɗora wa damina laifi idan kaka ta zo.

Giwan ruwa kuma ya fi su duka buƙatar haƙuri. Sai ya yi wajen shekara uku kafin ya fara hayayyafa, kuma manyan matan su ne masu zuba ƙwai da yawan gaske. 'Ya'yansa a gefen ruwa cikin ciyawa suke fakewa, daidai inda taru yake bi. Manyan kuma ana bin su da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da ragar kalli har cikin zurfi. An tare shi ta gaba an tare shi ta baya.

Maganar zuba guba irin su gamalin a ruwa ba ta ma cancanci muhawara ba. Wanda ya yi haka ya kashe kifi, ya cuci wanda ya ci, ya cuci shanun da za su sha.

"Allah ne mai bayarwa, ruwa ba ya ƙarewa"

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo, domin ana fakewa da gaskiya ne a yi ɓarna. Babu Musulmin da zai musa cewa arziki na Allah ne. Amma Allahn da ya ba mu kifi shi ne ya hana mu almubazzaranci, kuma shi ne ya gaya mana cikin Suratur Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ban taɓa jin malamin da ya ce tawakkali shi ne ka debi kifin da ba zai ciyu ba ka zubar a gaɓa.

Ina roƙon limamanmu na garuruwan bakin tafki, da fastoci a inda masunta Kiristoci suke, su sa wannan magana a huɗuba idan Yuni ya kama. Masunci zai iya ɓoye wa jandarma raga. Abin da ya ji daga bakin limaminsa kuwa, da shi zai shiga jirgi.

"Fari ne da madatsai, ba mu ba ne"

A nan akwai gaskiya mai yawa, kuma dole a faɗe ta.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 ya ƙara durƙusar da shi, har ya rasa kusan kashi tara cikin goma na faɗinsa. Babu masuncin da ya jawo wannan. Kifin da mutanen Chadi ke kira salanga, wanda ake tsagawa a shanya a cika buhuna da shi, yakan bar tafki ya hau Shari da Logon ya hayayyafa, 'ya'yansa su yi ƙiba a fadamun da ambaliya ke rufewa. Da ambaliyar ta gaza, sai kasuwarsa ta rushe. Tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure ruwa marar zurfi, su suka gaje wurin. Shi ya sa bandar da ke fitowa daga tafkin yanzu yawancinta tarwaɗa ce.

Amma a lura da wani abu. Shekarar da aka fi kowace kama kifi a tafkin Chadi ita ce 1974, kimanin tan 220,000, wato daidai lokacin da ruwan yake janyewa kifi ya taru a wuri ɗaya. Mutane suka ga jirage sun cika suka ɗauka albarka ce ta sauka. Ashe jarin ne ake kwashewa. Cikar jirgi ba ta nuna lafiyar ruwa, kuma wannan ya shafi Lagdo kai tsaye, domin ƙasar da ruwan sama ke wankowa daga gonakin da aka sare har bakin gaɓa tana cike tafkin a hankali.

Madatsar Maga da aka gina a can arewacin Kamaru a 1979 don noman shinkafa ta tare wani ɓangare na ruwan da ke malala cikin fadamun Waza da Logon. Ciyawa ta mutu, kifi ya ragu, masunta da makiyaya suka watse. To me ya faru a 1994, da aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa aka sake malala shi cikin wani sashe na fadamar? Ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka dawo. Wannan shi ne abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa. Kifin ruwanmu ba ya buƙatar a yi masa wani abin mamaki. Wurin haihuwa yake so, da lokaci.

Saboda haka in fari ya rage mana ruwa, hankali cewa ya yi mu sassauta wa ɗan abin da ya saura. Kasancewar ba mu muka fara ɓarnar ba bai ba mu izinin ƙarasa ta ba.

"To talaka ya ci me har wata uku?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma duk mai goyon bayan rufe tafki da bai amsa ta ba, magana kawai yake yi.

Watannin da ake rufewa su ne watannin da hatsi ya fi tsada. Rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, ga kuɗin makaranta na jira a Satumba. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da akuya, sai jirgi da raga, ka ce masa ya zauna. Ba zai zauna ba. Zai fita da dare, kuma ko ni ne a matsayinsa ban san abin da zan yi ba.

Amma a duba da kyau a ga wane ne ainihin mai cin ribar wannan fita ta dare. Babban taru kuɗi ne masu yawa, ƙaramin masunci ba ya iya sayensa. Akwai mai jari a gari wanda ya sayi ragar, ya sayi jirgin, wani lokaci har da inji, ya ba da bashin garin tuwo da sukari tun rani. Sharaɗin shi ne duk abin da aka kama nasa ne, a farashin da ya yanka. Idan an rufe tafki kifi yakan yi tsada a Garwa da Marwa da Ngaundere, don haka a lokacin ne ma ya fi matsa wa yaransa su shiga ruwa. In an yi kame, yaron ne ke kwana a tsare, shi ne ake ƙona wa raga a gaban jama'a. Mai jarin yana gida, gobe ya sayi wata.

Shi ya sa na ce a fara daga tudu. Kifi ba ya tashi sama ya zo Garwa. A mota yake zuwa, da babur, ta hanyar da kowa ya sani, ya wuce shingaye da yawa. Duk buhun ƙananan kifi da ya iso kasuwa cikin Agusta, akwai hannun da ya karɓi na goro ya ɗaga masa sanda. A tare shi a hanya, a bi shi har wurin wanda ya yi odarsa, a ci shi tara mai zafi. A je kuma shagunan da ke sayar da raga mai ƙananan idanu, tunda ba a ɓoye suke ba. Gidan sauron da ake rabawa kyauta don kare mata masu ciki da jarirai, a riƙa bin sawunsa. Ranar da mai jari ya ga hasara ta fi riba, da kansa zai janye tarunsa.

Shi kuma ƙaramin masunci a riƙe shi ya tsallake watannin. Kuɗin lasisi da harajin da ake karɓa a bakin ruwa duk shekara, a ware wani kaso a sayi masara da dawa tun kaka suna da araha, a ajiye a hannun ƙungiyoyin masunta, a raba ko a sayar musu da rahusa daga Yuli. Ƙungiyoyin su kafa adashi a watannin da kifi ke da kyau. Wanda ke son noma a ba shi fili nesa da gaɓa. Matan da ke banda, waɗanda su ma aikinsu ke tsayawa, kada a manta da su wajen rabon. Kuma a bar wa mutum fatsarsa ya kama na miyar gidansa. Ba fatsa ce ta kashe Lagdo ba.

Wani zai ce ina gwamnati za ta samu kuɗin. Ƙasar nan tana sayo kifin ƙanƙara daga waje wajen tan 200,000 a shekara, da kuɗin da ba su ƙirguwa. Har a Garwa, garin da ke kwance a bakin Binuwai, kifin teku da ya yi watanni a firiza shi ne ke shiga tukunyar gidaje da yawa. Buhunan masarar da za su riƙe masuntan tafki ɗaya na wata uku ba su kai komai ba a kan wannan.

"Baƙi ne suke ɓata mana ruwa"

Wannan ba zan daɗe a kanta ba. Lagdo tun farkonsa taron jama'a ne: Musgum da Kotoko da Masa daga arewa, Hausawa da Jukunawa daga Najeriya, mutanen Mali da gurarsu, wato tarkonsu na kifi, da 'yan Chadi. Da yawansu a nan aka haifi 'ya'yansu. A kowace ƙabila akwai mai tsoron Allah da marar tsoro, kuma masu jarin da nake magana a kansu galibi 'yan gari ne. A duba idon raga, a bar duba katin ɗan ƙasa.

A mayar wa sarkin ruwa sandarsa

Kafin a san wata takardar hukuma, ruwa yana da masu shi. A ƙasar Kotoko da ƙasar Hausa duka, akwai gurbin da ba a taɓawa sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe, kuma wanda ya saci hanya ya shiga, gari ne gaba ɗaya zai hukunta shi. Ba ilimin boko ya koya musu ba. Sun ga cewa ruwan da aka hutar ya fi ba da kifi.

Yau ma'aikacin hukuma yana fama ne da ruwa mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, da tsibirai da lunguna, sau da yawa ba shi da ko man zuba wa jirgi. Ba zai iya ba. Amma a kowane sansanin masunta an san wanda ke da taru, an san inda yake ɓoye shi, an san daren da yake fita. Abin da ya hana a faɗa shi ne babu wanda yake jin ruwan nasa ne. Kowa na cewa in na bari wani zai kwashe, kamar yadda Innar kasuwa ta gaya mini.

Maganin wannan shi ne a raba gaɓar tafki tsakanin sansanoni, kowanne da iyakarsa da shugabansa, da sanin lamido da jauro da sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma. Kowane sansani ya keɓe lungu ɗaya mai ciyawa inda bargi da karfasa ke sheƙa, a kafa masa alama, a haramta shi shekara gaba ɗaya, ba wata uku kaɗai ba. Masunta da yatsu suke auna idon raga, to a tsayar da adadin yatsun da kowa ya yarda da shi a gaban jama'a, yadda ba sai an zo da wani ma'auni daga ofis ba. Tarar da aka ci, rabi ya zauna a asusun sansanin. Sannan a hana wanda ya zo daga wani wuri shiga lungun da wasu suka yi haƙurin tsarewa, domin in ba a yi haka ba babu wanda zai sake haƙuri.

Mu kuma masu saye, namu ya fi sauƙi. Masu gasa kifi da dare a bakin titi, masu otal, uwargida mai cefane, duk mun san ɗan giwan ruwa in mun gan shi. Kada mu saya. A sa sarkin kasuwa da shugabar masu kifi su yanke sanda daidai tsawon da aka amince, a rataye ta a ƙofar rumfa, duk giwan ruwan da bai kai ta ba kada ya hau faranti. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi daga Yawunde, kuma ana iya zama a kansa tun watan Mayu, kafin ruwa ya fara hawa ciyawa.